Wa Ya Rubuta Shekarar Da Ungulu Ta Bar Kwata?

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya a Bauchi ko Gombe ya san zamanin da ba a raba kwata da ungulaye. Kan katanga, kan rufin kwano, kan tsamiyar bakin mayanka, ko'ina su ne. Mahauta na fiɗa suna kora, yara na jifa, su kuwa ko a jikinsu. Ranar kasuwa a Alkaleri ko Kumo ko Darazo, tun daga nesa jewarsu a sama ce ke nuna wa baƙo inda ake yanka. Yau ka je kwata ka tsaya tun hantsi har azahar, da ƙyar ka ga guda; hankaka da shirwa ne suka gaje wurin. Ka tambayi dattawan mahauta yaushe suka tafi, amsar ita ce "ai an daɗe". In ka matsa, wannan ya ce tun zamanin Abacha, wancan ya ce ina, har Obasanjo ya dawo ana ganinsu. Kowa ya yarda sun tafi. Babu mai iya tsayar da shekara, balle ya faɗi yawansu a da, ko garin da suka fara ƙaurace wa.

Rashin ungulayen yana damuna, amma wannan "an daɗe" ɗin ya fi ci mini rai. Tsuntsu ya zauna da mutane a tsakiyar gari, ana ganinsa safe da yamma, ya ƙare a kan idon kowa, ga malaman makaranta da ma'aikatan duba-gari da sauran masu biro a aljihu suna wucewa ta bakin kwatar kullum, amma yau in an ce a kawo takardar da ke cewa ran Talata, kaza ga wata, an ƙirga talatin, sai a yi ta kallon-kallo. Ra'ayina shi ne rubuta abin da ido ya gani na tsuntsaye da dabbobi da itatuwa, da ranarsa da wurinsa, aikin mutanen gari ne. Ba sai mai digiri ba, ba kuma sai gwamnati ta ba da kwangila ba. In kuma za a fara, da abin da muka raina saboda yawansa ya kamata a fara, ba da giwa da zaki ba.

Ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke neman ƙarewa a duniya, har zuwa 2009 tana lissafa ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun tsuntsayen da babu fargaba a kansu. A 2011 ta mayar da ita sahun waɗanda ke cikin haɗari, a 2015 kuma ta kai ta matakin da daga shi sai a ce ta ƙare a daji. Shekara shida ke nan a takarda. A ƙasa kuwa an daɗe ana asarar, takardar ce ta makara, domin ba a cika samun mai ƙirga abin da kowa ke gani a bola ba.

A Indiya an yi irin wannan, har ta fi tamu muni. Daga shekarun 1990 wasu ungulaye iri uku na can suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Sai dai su suna da ƙidayar da aka yi tun ana zaune lafiya, don haka da aka sake ƙirgawa lissafi ya nuna ɓarnar ƙarara, aka bazama neman dalili, aka gano wani maganin ciwo ne da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, ke lalata ƙodar ungulu in ta ci mushen. A 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi shi. Mu ma a nan an san abubuwan da ke kashe ungulu: gubar da ake barbaɗa wa mushe don kura ko karnuka, masu sayen kanta da ƙwanta don tsibbu, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Amma wanne ya fi yi mata illa a Dass, wanne a Dukku? Littafin malamin firamare guda, da ya riƙe shi shekara goma sha biyar, zai fi taron bita goma a otal taimakawa wajen amsa wannan.

Ina ganin Yankari na da hannu a sakacin nan namu, ko da yake ba laifinta ba ne. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an rubuta tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa, garken giwayensa kuma yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Abin alfahari ne, ba musu. Can akwai masu gadi da ke sintiri suna rubuta abin da suka gani, tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, kuma albarkacin irin wannan rubutu ne ake iya faɗa da ƙarfin gwiwa cewa raƙumin dawa da kyarkeci sun ƙare a dajin. Sai dai Yankari ta sa mun ɗauka halittar daji wani abu ne da ake biyan kuɗin ƙofa a gani. A kwashi ɗalibai a bas, a yi wanka a Wikki, gwaggon biri ya fizge wa wata yarinya ledar burodi, a sha dariya, a dawo gida, shi ke nan an gama da namun daji sai baɗi. Alhali duk girman Yankari ba ta wuce kashi biyar cikin ɗari na ƙasar jihar Bauchi ba. Sauran fa? Ga tafkin Maladumba na Misau, wanda tun 2008 yake cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ga madatsar Dadin Kowa da dorinanta masu shiga gonakin mutane, ga dajin Kanawa a bakin Gombe, ga duwatsun Tula da Bima, ga fadamun kogin Jama'are a ƙasar Katagum. Ga kuma inda ya fi duk waɗannan faɗi, wato bayan gidan kowa.

Ba sani muka rasa ba. Je ka zauna da tsohon maharbi, irin waɗanda suka yi farauta da kan burtu. Zai nuna maka yadda ake ɗaura shi a goshi, a yafa baƙin tsumma, a durƙusa ana tafiya sannu-sannu ana saran ƙasa da dogon bakin nan kamar tsuntsun na kiwo, a ɗan tsaya, a karkata kai, a ci gaba, har a kai inda kibiya za ta sami gada. Mutum ba ya iya wannan sai ya share shekaru yana kallon burtu, ya san takunsa da lokacin da yake ɗaga kai. Ka tambaye shi rabonsa da ganin burtu mai rai, zai faɗa maka kwarin da ya gan shi, ya ce bayan girbin gero ne, shekarar da ruwa ya ci gadar garinsu. Arɗo ya san ciyawar da ta ɓace a burtali da wadda ta maye gurbinta, da shanu ke sunsunawa su wuce. Masuntan Gongola sun san rabonsu da jawo giwan ruwan da sai mutum biyu sun kama. Mai maganin gargajiya da a da yake samun sassaƙe da saiwa a bayan gari, yau sai ya hau mota, ya kuma san itacen da ya fara yin wuya. Matan da ke tsintar kaɗanya sun fi kowa sanin gonar da aka sare. Duk wannan a ka yake, ba a takarda ba, masu shi kuwa tsufa suke yi, 'ya'yansu sun koma acaɓa.

A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki sun kawo wani likita ɗan Sikotland Arewa, J. M. Dalziel, ya zauna a wurare da dama har da Katagum. Duba marasa lafiya aka ɗauke shi yi, tara ganye da fure sha'awarsa ce kawai. Yana tsinka yana busarwa, yana tambayar suna da amfani, yana rubuta inda ya samu. A 1916 ya fitar da littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, wanda har gobe masu binciken magunguna ke komawa gare shi. Itacen hano, da wasu ke kira ararraɓi, wanda ake gani a duwatsunmu, sunan likitan nan yake ɗauke da shi a littattafan kimiyya. Waɗanda suka nuna masa hanon, suka faɗa masa abin da ake yi da ɓawonsa da ƙaronsa, mutanen ƙasa ne da suka fi shi sanin itacen nesa ba kusa ba. Ba na jin haushin likitan, abin da ya kamata ya yi. Haushina shi ne bayan fiye da shekara ɗari, jikokin waɗanda suka nuna masa suna da boko da ajami da waya mai kyamara, amma har yanzu jira muke wani ya zo ya tambaye mu.

Rubutun da nake magana ba wani mai wuya ba ne: me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani. Mu da muka tashi muna jin malamai na tantance hadisi da isnadi bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba, tunda mun san labari ba ya karɓuwa sai an san wanda ya ɗauko shi, daga wa, kuma ko mai gaskiya ne mai kiyayewa. "Akwai shamuwa a garinmu" zance ne. "Asabar, 12 ga Mayu, bayan la'asar, gabas da makabarta, shamuwa huɗu a kan kuka, biyu na ɗaukar kara zuwa sheƙa" shaida ce da wani zai iya ɗora tasa a kai bayan shekara ashirin. In da hoto, ko na ƙaramar waya ne, ya fi. In mutum bai san sunan abin ba, ya rubuta kamanninsa ya bar gurbin suna, ya fi ya ƙirƙira. Har rashin gani abin rubutawa ne: na tsaya awa guda a wuri kaza, ban ga ko ɗaya ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Sulaiman, alaihis salam, da ya bibiyi tsuntsaye ya ce me ya sa ba ya ganin alhudahuda. Wanda bai san waɗanda ke nan ba, ina zai gane wanda babu?

An ma riga an share hanya. Tun ƙarshen 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, gidaje sama da 11,000. Mai sa kai zai shiga gida guda, ya yi aƙalla awa biyu yana zagawa, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya tura ta manhajar BirdLasser. Akwai ayarin matasan Arewa da suka ɗauki aikin suna bin garuruwa, Allah ya saka musu. Ga kuma manhajar iNaturalist da ta fara a 2008, ita ba tsuntsu kaɗai ba, har ciyawa da ƙwaro da naman kaza: ka ɗora hoto, waɗanda suka sani su taimaka da suna. Amma ka nuna wa manhajar ganyen da kowace tsohuwa a ƙauye ta sani, sau da yawa sai ta yi ta kame-kame, domin da hotunan da mutane suka tura take koyo, namu kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sunayen Hausa da Fulfulde, da na Tangale da Tera da Bolanci da Jaranci, duk ana iya shigar da su, sai dai sai an sami mai shigarwa.

A Amurka akwai ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti da ake yi tun 1900. Asalinta gasar harbi ce, a fita a ga wanda zai fi kashewa, sai wani masani, Frank Chapman, ya ce a fita a ƙirga maimakon a harbe. Mutum 27 suka fara. Na kawo wannan ne saboda masu farautar gayya tamu ta rani, da ake cika mota da samari da karnuka da gora a share daji, a kuma cinna masa wuta. Ban sa ran za su ajiye gora gobe ba. Amma in sarkin baka zai sa yaro guda ya riƙa rubuta abin da aka kamo a kowace fita, zomo nawa, gafiya nawa, an sami gada ko babu, kafin shekara biyar su da kansu za su ga inda lissafin ya dosa. Maganar kuwa in daga bakinsu ta fito ta fi shiga kunnen samari fiye da ta ɗan boko mai hular rana.

Da za a ba ni zaɓin abu guda da kowace firamare a jihohin nan biyu za ta riƙa rubutawa, shamuwa zan zaɓa. Kowane yaro ya san ta, ba ta gudun mutane, a itacen tsakar gari take sheƙa, manomi kuma ya san in ta sauka damina ta ƙarato. A nan take ƙyanƙyasa, in kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka tana bin ruwa da fara. A rubuta ranar da aka fara ganinta, da ranar ruwan shuka, da ranar da gawo ya zubar da ganye, da ranar da ta tafi, da ranar da ɗorawa ta yi fure. Layi biyar a shekara, a bayan rajistar makaranta. Wani mai gona a Ingila, Robert Marsham, ya fara irin wannan a 1736, yana rubuta ranar da itatuwa suka yi toho da ranar da tsuntsayen ƙaura suka iso. Zuri'arsa suka ci gaba har 1958, kuma masu binciken sauyin yanayi sun yi amfani da rubutun gidan nan wajen auna yadda lokuta suka gusa. Mu kullum cewa muke damina ta canza, ba kamar da ba. To da kwana nawa? Kuma yadda ta canza a Nafada haka ta canza a Tafawa Ɓalewa? Hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa kowace shekara yana da amfani, amma tashoshin auna ruwa ba su kai yawan makarantu ba, ba kuma za su taɓa kaiwa ba.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini: mutum na fama da abin da zai sa a tukunya ka ce ya bi tsuntsu da biro, ai wannan aikin Turawa ne da cikinsu ya cika. Ban raina maganar ba, yunwa ba abar wasa ba ce. Amma a duba abin da ake cewa a rubuta. Ɗorawa daddawa ce, kuka miya ce, kaɗanya mai ce, ƙirya turmi ce, kuma kaɗanyar da ƙiryar da marke su ne motocin gawayi ke fita da su dare da rana. Madobiya an yi ta lodinta daga Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, kafin a dakatar da Najeriya daga cinikinta a 2018 an riga an kwashe manyan. Tsutsar masara da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, da tsutsar sharon da ta cinye tumatir a shekarar, da jan-baki da ke sauka a kan gero da dawa da shinkafa, duk manomi ne ke fara ganinsu tun kafin labari ya kai ofis. Hoto guda da rana da sunan ƙauye, in ya isa inda ya dace da wuri, ya fi jirgin feshin da ya zo bayan an cinye gona. A Kaltungo, inda ake jinyar waɗanda maciji ya sara, likita na son sanin ko kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa. Sanin inda kowanne ya fi yawa da watan da yake fitowa ba shagala ba ce. (Ban dai ce a matsa kusa da maciji don hoto ba.)

Maganar tsaro ta fi wannan nauyi. Dazuzzukan da suka fi cancantar a duba, irin na Lame-Burra da wasu sassan Alkaleri, ba wuraren da zan tura ɗan kowa da waya a hannu ba ne a yanzu. Ko a ƙauyen da ke zaune lafiya, baƙon da ke ɗaga waya yana ɗaukar itace abin tuhuma ne, mutane kuma suna da hujja. Wani tsohon ɗalibina ya tsaya ɗaukar wasu tsuntsaye da suka cika wata tsamiya a bakin wani ƙauye, kafin ya ankara 'yan banga sun kewaye shi, sai gaban mai unguwa. Dattijon ya karɓi wayar ya yi ta turawa da yatsa: tsuntsu, tsuntsu, ganye, ƙadangare, tsuntsu. Ya ɗago kai.

"Yaro, wa ya aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya aiko ni. Rubutawa nake don a san suna nan."

"Waɗannan na kan tsamiya me ka rubuta?"

"Zalɓe, ranka ya daɗe."

"To goge. Balbela ce ta yi kwalliyar damina, shi ya sa ka ga ja-ja a kanta da ƙirjinta. In zalɓe kake so, ka dawo da asuba in haɗa ka da yaro ya kai ka fadama."

Baƙo ya fara da sallama a ƙofar mai gari kafin ya ciro waya, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya fi ma shi ne ɗan gari ya rubuta garinsu, don babu mai tuhumar mutum saboda ya kalli kukar ƙofar gidansu. Makabartu, harabar tsofaffin makarantun kwana, bakin dam, gefen tsohuwar ganuwa, nan ne manyan itatuwa suka tsira daga gatari, kuma ba a bukatar rakiyar soja kafin a je.

Wani zai ce in ka bayyana inda abu yake, ka yi wa mai kisa jagora. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, a nan kam ba na goyon bayan a baza komai. Wanda ya ga sheƙar ungulu ya sa a Facebook da sunan ƙauyen da itacen, ya miƙa ta ne ga 'yan tsibbu a kyauta. Wanda ya ga giwaye sun fito daga Yankari, masu gadin daji da manoman yankin ne ke da haƙƙin ji, ba duniya ba. Ita kanta iNaturalist tana ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin haɗari, sai ta nuna yanki mai faɗin kusan kilomita 20. Abin da ke da yawa a faɗi wurinsa dalla-dalla. Abin da ake nema da kuɗi a rubuta a adana, a ba wanda aka amince da shi.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba, shi kuma daga masu son taimakawa yake zuwa. Ranar da wata ƙungiya ta ce za ta biya naira kaza a kan kowane rahoto, ranar aka kashe aikin. Za a ga zaki a Azare, a ga jimina a Bajoga, a sauko da hoton damisar Indiya daga intanet a ce a bayan Toro aka ɗauka. Hotunan ƙarya suna yawo a WhatsApp ba a biya kowa ba, ina ga an sa kuɗi? Rubutun ƙarya ya fi rashin rubutu illa, domin a kansa za a gina lissafi; da muguwar rawa gara ƙin tashi. In akwai kuɗi, a sayi madubin hangen nesa a ajiye a makarantu, a buga ɗan littafin hotunan tsuntsaye da itatuwa da sunayensu na gida, a ba malamin da zai zagaya ya tattara kuɗin mota.

Saura inda za a ajiye, don littafin da ke ƙarƙashin katifa gara ce ke gadonsa. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da ta jiha a Gaɗau, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta tarayya a Kashere. Abin da nake roƙonsu bai da yawa: ɗaki guda, malami guda, da lambar waya guda da maharbi ko makiyayi zai tura saƙon murya da hoto, a rubuta da sunansa, a kuma mayar masa da amsa. Amsar nan ita ce ginshiƙin, domin mutanenmu sun gaji da masu zuwa da takardar tambayoyi su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Ɗaliban shekarar ƙarshe kuma da ke neman abin da za su rubuta a kai, a haɗa kowane ɗaya da tsohon maharbi ko mai magani ko masunci, ya zauna da shi damina guda.

Akwai wurin da maganar nan ba ta jira. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ba nisa can da Yankari ba. Ko aikin ya yi sauri ko ya ja ƙafa, in ya kankama hanyoyi da bututu da baƙi za su biyo baya. Kamfani zai kawo nasa masanan su rubuta rahoton tasirin aikin a kan muhalli, kamar yadda dokar 1992 ta tanada, su yi kwanakinsu su tafi. Ranar da rafi ya canza launi, ko kifi ya daina zuwa, ko kaɗanya ta daina 'ya'ya, mutanen yankin za su ce da ba haka yake ba, lauya kuma zai ce ina shaida. Mutanen Neja Dalta sun sha wannan tambayar: rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a kan ƙasar Ogoni bai fito ba sai 2011, fiye da shekara hamsin da fara haƙar mai a can. Ƙauyukan Alkaleri da Akko da ke kewaye da Kolmani suna da malaman firamare, da limamai masu ajami, da samari masu waya. Kifin da ke rafinsu, da itatuwan da ke gonakinsu, da tsuntsayen da ke sauka a fadamarsu, su rubuta su a daminar bana, da rana da wuri da sunan wanda ya gani, su kai kwafi gidan hakimi, su riƙe nasu.